Ɗan Isa: tarihi da al'ummar wata ƙaramar hukumar karkara a Nijar

Matafiyin da ya taso daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya da nufin shiga Jamhuriyar Nijar, babban garin farko da zai tarar bayan ya tsallake iyaka shi ne Ɗan Isa.

Garin yana kan hanyar da ta haɗa Katsina da Maraɗi, kimanin kilomita 40 kudu da birnin Maraɗi, kuma shi ne hedkwatar wata ƙaramar hukumar karkara mai wannan suna, a cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi.

A takardun gwamnatin Nijar ana rubuta sunan Dan-Issa, irin rubutun Faransanci, ana kuma kiran ƙaramar hukumar commune rurale, kalmar da bakin jama'a ya mayar da ita kwamin.

Ɗan Isa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar. Sauran su ne Madarunfa da Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma. Daga kudu kuwa ta yi iyaka da ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina a Nijeriya.

Ƙasa da ruwa

Abin da ya bambanta wannan yanki da yawancin ƙasar Nijar shi ne gulbi.

Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, inda ake kiransa Gada, ya shiga Nijar ta wajen Nyelwa, ya bi ta kusa da Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya sake komawa Nijeriya ya faɗa cikin kogin Rima.

Ba ya gudana sai da damina, amma fadamar da yake bari tana riƙe danshi har cikin rani. A nan ake noman tumatur da barkono da rogo da zogale, yayin da a jigawa ake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da aya.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, yawan ruwan da ke isa fadamar ya dogara ne a kan abin da aka saki daga ɓangaren Nijeriya. A shekarar 1990 ƙasashen biyu suka sanya hannu kan wata yarjejeniya a Maiduguri game da rabon ruwan kogunan da suka yi tarayya a kansu, ciki har da wannan gulbi. Duk da haka, manoman ɓangaren Nijar sun daɗe suna kokawa cewa ruwan ya ragu.

Tsakanin Katsina biyu

Ba a iya fahimtar tarihin Ɗan Isa sai an koma ga tarihin Katsina, domin kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo duk wannan yanki ƙasar Katsina ce.

Wajen shekarar 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar da aka kawar ya yi arewa, ya zauna na wani lokaci a ƙasar Damagaram, kafin Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar gadon sarauta a Maraɗi wajen 1819.

Shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi yake amsa sunan Sarkin Katsina.

Daga nan aka shiga kusan shekara 80 na gaba tsakanin Katsinar Dallazawa da Katsinar Maraɗi. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi a yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu. Amma hakan bai kawo ƙarshen rikicin ba. A zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta a tsakiyar ƙarni na 19, mayaƙan Maraɗi sun riƙa kai hare-hare cikin ƙasar Katsina, wani lokaci har ƙasar Kano.

Ƙasar da ke tsakanin biranen biyu ita ta fi ɗanɗana kuɗarta. Garuruwa da dama suka watse, gonaki suka koma daji, wanda ya zauna kuwa sai a bayan ganuwa ko kafi.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya ratsa wannan daji ta ɓangaren gabas a watan Janairun 1851, daga Tasawa ta Gazawa zuwa Katsina, ya kuma bayyana shi a matsayin wurin da ayari ke wucewa cikin fargaba.

Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya idan an zo maganar yawan jama'a: wurin da yanzu ƙauyuka suka cika shi, har gona ta yi wuya, a wancan ƙarni fagen fama ne.

Yadda yankin ya faɗa hannun Faransa

Kaɗan ya rage da yau Ɗan Isa da Maraɗi suna cikin Nijeriya.

A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan taswira daga Sayi, a bakin kogin Kwara, zuwa Barwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama suka gyara shi, inda aka zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato. Bisa wannan sabon layi, Maraɗi da Tsibirin Gobir sun faɗa rabon Ingila.

Sai dai Faransawa sun gano cewa abin da aka bar musu hamada ce. Ba su da hanya mai rijiyoyi da ayarinsu zai bi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai sun roƙi izinin ratsa ƙasar Ingila.

A yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1904, Faransa ta haƙura da wani tsohon haƙƙi da masuntanta suke da shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada. A madadinsa Ingila ta ba ta wasu wurare a Afirka ta Yamma, ta kuma yarda a turo iyakar arewacin Nijeriya zuwa kudu.

Watau dai, cinikin kifi a wata nahiya yana cikin dalilan da suka sa ɗan Ɗan Isa ya koyi Faransanci a makaranta, ɗan uwansa na Jibiya kuma ya koyi Ingilishi.

Wata yarjejeniyar ta 1906 ta fayyace layin, tana la'akari da iyakokin masarautu kamar yadda Turawa suka same su. Maraɗi da ƙasarta suka tafi ga Faransa, Katsina kuwa, wadda ta riga ta shiga hannun Ingila tun 1903, ta tsaya inda take.

Tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi iyakar a ƙasa, ta kafa alamomi 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. An tabbatar da aikin a 1910. Wannan iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ita ce har yau tsakanin Nijar da Nijeriya.

Zamanin Turawa da gyaɗa

Da yaƙi ya ƙare, sai jama'a suka fara fita daga bayan ganuwa. Manoma suka sari daji suka kafa ƙauyuka, yawanci da sunan wanda ya fara sara. Shi ya sa sunayen da suka fara da Gidan ko Garin ko Ɗan suka yi yawa a taswirar jihar Maraɗi.

Zama a ɓangaren Faransa bai zo da sauƙi ba. Ga haraji, ga ɗaukar soja, ga kuma aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Mutanen bakin iyaka sun koyi dabarar tsallakawa: idan abu ya yi tsanani a nan, sai a koma wajen dangi a can, har ƙura ta lafa.

Abin da ya ɗaure yankin da Kano kuwa shi ne gyaɗa. Bayan jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, gyaɗar ƙasar Maraɗi ta riƙa bin hanyar Jibiya da Katsina zuwa Kano, daga can a ɗora ta a jirgi zuwa Ikko. Sai a shekarun 1950 Faransa ta yi ƙoƙarin karkatar da wani kaso nata ta hanyar Dahomey, wato Benin ta yanzu.

Nijar ta sami 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960, gyaɗa kuma ta ci gaba da zama babbar hajar da ƙasar ke fitarwa har zuwa farin 1973 da 1974 da cutar da ta afka wa shukar a 1975.

Bayan gyaɗa, fatauci da Nijeriya ya maye gurbinta. Alhazan Maraɗi sun yi ƙarfi tun lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, kuma kayansu, shiga da fita, ta ofishin kwastan na Ɗan Isa suke bi, wanda mutanen wurin ke kira duwan.

Mene ne kwamin?

Tsarin kwamin daga Faransa aka aro shi. A can an kafa shi ne a watan Disambar 1789, lokacin juyin juya hali, kuma ƙasar tana da irin waɗannan hukumomi kusan 35,000, wajen rabinsu ba su kai mutum 500 ba. Akwai ƙauyen da duk mazaunansa ba za su cika motar safa ɗaya ba, amma yana da magajin gari da majalisa.

A Nijar suna kawai aka aro, girman ya sha bamban. Dokar da aka zartar a 2002 ta raba ƙasar zuwa ƙananan hukumomi 265, daga ciki 213 na karkara, 52 na birane. Ɗan Isa tana cikin na karkara, kuma ta ƙunshi ƙauyuka da rugage masu yawa.

An yi zaɓen farko na ƙananan hukumomin ranar 24 ga Yulin 2004, zamanin Shugaba Mamadou Tandja. Bisa tsarin wancan lokacin, jama'a ne ke zaɓen kansiloli, su kuma kansiloli su zaɓi magajin gari daga cikinsu. A lokacin, sarakunan gargajiya da 'yan majalisar dokoki na yankin suna da kujera a majalisar, suna ba da shawara, amma ba sa jefa ƙuri'a.

Aikin da doka ta ɗora wa kwamin ya haɗa da rajistar haihuwa da aure da mutuwa, da kula da makarantun firamare da rijiyoyi da kasuwanni. Kuɗin shigarta kuwa daga harajin da masu gari ke tarawa ne, da na kasuwa da tasha, da ɗan tallafin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji.

A nan ne bambanci da Nijeriya ya fi fitowa. Ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya suna da kaso a asusun tarayya duk wata, ko da yake an daɗe ana jayayya a kan yadda gwamnoni ke riƙe shi. Kwamin ta Nijar ba ta da irin wannan gata, don haka magajin gari yakan sami kansa da dogon jerin ayyuka da gajeren aljihu.

An sake zaɓe a watan Janairun 2011, sa'an nan ranar 13 ga Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, ta naɗa kantomomi a madadinsu, da dama daga cikinsu jami'an tsaro.

Yawan jama'a

Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977 da 1988 da 2001 da kuma 2012.

A ƙidayar Disambar 2012, ƙaramar hukumar Ɗan Isa tana da mutane sama da 94,000. Jihar Maraɗi baki ɗaya tana da kimanin miliyan 3 da dubu 400, ƙasar kuma tana da miliyan 17 da ɗoriya, daga miliyan 11 a 2001.

Don kwatanci, ƙaramar hukumar Tarauni a Kano, inda unguwannin Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi suke, tana da mutane kimanin 221,000 a ƙidayar Nijeriya ta 2006. Ke nan Ɗan Isa ba ta kai rabin Tarauni ba. Amma mutumin Tarauni a kasuwa ko ofis ko bakin titi yake neman abincinsa, shi kuwa na Ɗan Isa, galibi, gona ce jarinsa, kuma gona ba ta haihuwa.

Tsakanin ƙidayar 2001 da ta 2012 al'ummar Nijar ta riƙa ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, abin da ke nufin tana ninka kanta cikin shekara 18 ko makamancin haka. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna cewa mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a jihar Maraɗi kuwa 8.4. Kusan rabin jama'ar ƙasar ba su kai shekara 15 ba.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan adadin 2012, lissafi zai ba da kimanin mutum 150,000 a Ɗan Isa zuwa 2024. Wannan lissafi ne kawai, ba ƙidaya ba, amma ya isa ya nuna inda aka dosa.

Sakamakon a bayyane yake a ƙauyuka. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yanzu jikoki goma ke rabonta. Hutar da gona ya zama tarihi, burtalin da makiyaya ke bi ya ƙuntata, matasa kuma da an gama girbi sai cin rani, yawanci zuwa Katsina da Kano da Kaduna da Ikko, wasu kuma Agadas da Libiya da Aljeriya.

Wani abin da manoman jihar suka yi wa kansu shi ne barin kututturan itatuwa su sake tofowa a cikin gona maimakon a tumɓuke su. Wannan dabara ta bazu daga ƙasar Maraɗi tun shekarun 1980, kuma masana sun ƙiyasta cewa ta mayar da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, shi ne sarkin waɗannan itatuwa.

Mafi yawan mazauna Ɗan Isa Hausawa ne, Katsinawa da Gobirawa, tare da Fulani da Buzaye. Kusan dukkansu Musulmi ne, kuma auratayya da mutanen Jibiya da Katsina ta sa da wuya a sami gidan da ba shi da dangi a tsallaken iyaka.

Yunwa, cuta da zinariya

Wani abin mamaki game da kudancin Maraɗi shi ne, nan ne ɗaya daga cikin rumbunan Nijar, kuma nan ne tamowa ta fi kama yara.

A matsalar abinci ta 2005 an ga haka ƙarara. Hatsi yana kasuwa, amma farashinsa ya fi ƙarfin talaka, wanda ya riga ya sayar da nasa da kaka don biyan bashi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyin kula da yara a yankin, ciki har da Ɗan Isa, kuma a shekarun da suka biyo baya iyaye mata daga jihar Katsina sun riƙa tsallakowa da 'ya'yansu neman magani.

Cuta ma ba ta tambayar takardar shiga ƙasa. Annobar kwalara da ta ɓarke a Nijar a watan Yulin 2018 an fara gano ta ne a asibitin Nyelwa, a jikin wasu da suka zo daga Jibiya, kafin ta kama mutane sama da 3,000, akasarinsu a gundumar Madarunfa.

A 2021 aka sami zinariya a yankin, dubban mutane suka yi ca a wurin, har da 'yan Nijeriya. Ranar 7 ga Nuwamban shekarar wasu ramuka suka rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Haka kuma tun ƙarshen shekarun 2010 'yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato suka fara tsallakowa satar shanu da garkuwa da mutane a ƙauyukan bakin iyaka na jihar Maraɗi. A watan Satumban 2019 gwamnonin jihohin uku suka gana da takwaransu na Maraɗi, suka ƙulla yarjejeniyar aiki tare kan tsaro.

Iyaka: buɗe da rufe

Babu abin da ke taɓa aljihun mutumin Ɗan Isa kamar rufe iyaka, kuma ya ga haka sau uku a cikin shekara 40.

Na farko shi ne daga Afrilun 1984 zuwa Maris ɗin 1986. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ce ta rufe ta, abin kuma ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa.

Na biyu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, lokacin da Nijeriya ta ce tana yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur, har ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka.

Na uku ya biyo bayan juyin mulkin 2023, sa'ad da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. An ɗage shi a watan Fabrairun 2024, ƙasashen biyu suka buɗe iyakar a watan Maris. Nijar dai ta fice daga ƙungiyar, ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

A kowane karo manyan motoci sukan tsaya cik a kan kwalta, babura kuma su bi ta cikin gonaki. Kaya ba su daina wucewa ba, tsada kawai suka ƙara, kuma ƙaramin ɗan kasuwa da mai saye su suka biya.

A kasuwannin yankin ana ciniki da sefa da naira, kowa kuma ya san canjin ranar. Cire tallafin man fetur da Nijeriya ta yi a watan Mayun 2023 ya girgiza sana'ar masu sayar da mai a bakin hanya, wadda matasa da yawa suka dogara a kanta.

A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Daga Jibiya zuwa Maraɗi, wannan yanki ne layin zai ratsa.

Faransanci a takarda, Hausa a baki

Ko da yake an fi shekara 100 ana mulkin yankin da Faransanci, harshen bai taɓa zama na gida ko na kasuwa ba. Na makaranta ne da kotu da takardar haihuwa, kuma a ƙasar da kimanin kashi ɗaya cikin uku na manya ne kawai suka iya karatu da rubutu, waɗanda suka mallake shi a karkara 'yan kaɗan ne.

Abin da ya bari shi ne kalmomi. Bakano da ya sauka a Ɗan Isa zai ji ana ce wa makarantar boko lakwal, malaminta mushe, asibiti kuma likita. Zai ji ana lissafin kuɗi da dala, wato sefa 5, da jaka, wato sefa 1,000. Ban da irin waɗannan, Hausar wurin ta Katsina ce, ba ya bukatar tafinta.

A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. A cikin watan ne kuma aka ƙaddamar da sabon daftarin da ke tafiyar da mulkin ƙasar, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci, tare da Ingilishi, harshen aiki.